Komai Nisan Jifa Ƙasa Zai Faɗo: Dalilin da Ya Sa Abin da Aka Jefa Yake Bin Lanƙwasasshiyar Hanya

Gabatarwa

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wannan magana gaskiya ce, kuma kimiyya ba ta da ja a kanta. Sai dai karin maganar ta faɗa mana inda jifa yake ƙarewa ne kawai, ta yi shiru a kan hanyar da yake bi kafin ya iso ƙasa. Wannan hanya kuwa ita ce abin nazarinmu a wannan darasi.

Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda Kogin Kwara, wato Neja, ya ratsa bayan ya shigo Nijeriya, kuma take iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen yamma. A fadamun wannan yanki, daga Lolo da Illo har zuwa Bagudo kanta, idan shinkafa ta fara nuna za a ga yara da majajjawa da danƙo suna korar jan-baki. Da rani za a ga ruwa yana fita daga bakin tiyon injin ban-ruwa, ya yi sama kaɗan, ya sunkuyo ya zuba a kwami. A bakin kogi masunci yana wurga birgi, a cikin gari kuma lebura yana cilla wa magini tubali. Dukan waɗannan jifa ne, kuma in mai karatu ya lura zai ga babu ɗaya daga cikinsu da yake tafiya a miƙe. Kowanne yana zana baka a cikin iska. Me ya sa haka?

Amsar a taƙaice ita ce: duk abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda. Yana tafiya gaba, yana kuma faɗuwa ƙasa, kuma babu tafiyar da take jiran ɗaya ko take hana ta. Haɗuwar waɗannan tafiye-tafiye biyu ita take haifar da lanƙwasar da muke gani. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe darasin dukansa.

Yadda magabata suka ɗauki al'amarin

Idan malami ya ce wa ɗaliban aji huɗu na sakandare su zana hanyar dutsen da aka jefa, da yawa za su ja miƙaƙƙen layi zuwa sama, sa'an nan su karya shi ya faɗo ƙasa tsaye. In an tambaye su dalili, sai su ce ai ƙarfin hannun mai jifa ne yake tura dutsen, idan ƙarfin ya ƙare sai ya faɗo. Kada malami ya yi musu dariya, domin manyan masana sun shafe ƙarnuka a kan irin wannan tunani.

Aristotal, masanin Girka da ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi, don haka ya ce iskar da ke kewaye da dutse ita take ci gaba da ingiza shi bayan ya bar hannu. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, bai gamsu da wannan ba. A ganinsa mai jifa yana sanya wa dutse wani karkata zuwa ga tafiya, kuma da babu abin da yake tare shi, kamar iska, da wannan karkata ba zai ƙare don kansa ba. Wannan ra'ayi ya matso kusa da gaskiya ƙwarai. A 1537 wani masanin lissafi na Italiya mai suna Tartaglia, wanda ya yi nazarin harbin igwa, ya bayyana cewa igwa ta fi kai harsashi nesa idan an ɗaga bakinta digiri 45. Amma wanda ya warware matsalar sarai shi ne Galileo, shi ma ɗan Italiya, a littafin da ya fitar a 1638. Shi ya raba tafiyar gida biyu, ya nuna cewa hanyar jifa wata siffa ce da masu lissafi suka daɗe da sani, wadda ake kira farabola. A 1687 Isaac Newton na Ingila ya kawo dokokin motsi da na jan ƙasa waɗanda suka bayyana dalilin abin da Galileo ya gano.

Tafiya ta farko: zuwa gaba

Dokar Newton ta farko ta ce abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiyarsa a miƙe, da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya shi. Wato abu ba ya bukatar mai tura shi domin ya ci gaba da tafiya. Abin da yake bukatar ƙarfi shi ne tsayar da shi, ko ƙara masa gudu, ko karkatar da shi. Aikin hannun mai jifa ya ƙare a daidai lokacin da dutse ya rabu da yatsunsa. Daga nan dutsen yana tafiya ne da gudun da ya samu, kuma in muka ajiye batun iska a gefe tukuna, babu abin da yake rage wannan gudu na zuwa gaba.

Ana iya ganin haka a cikin jirgin ruwa mai inji da yake tafiya salin-alin a kan Kwara. In fasinja ya cilla lemo sama tsaye, lemon zai dawo hannunsa, ba zai faɗa kan wanda yake zaune a bayansa ba, ko da yake jirgin ya yi gaba a lokacin da lemon yake sama. Dalili kuwa shi ne lemon yana da gudun jirgin tun yana hannu, kuma bai rasa shi ba da aka sake shi. Fasinjan zai ce lemonsa sama ya tafi ya dawo. Wanda yake tsaye a gaɓa kuwa zai ce ya ga lemo ya zana baka. Duka biyun gaskiya suka faɗa. A 1640 wani Bafaranshe mai suna Gassendi ya gwada irin wannan a teku kusa da Marsai, inda aka saki dutse daga ƙololuwar sandar jirgi mai gudu, dutsen kuma ya faɗo a gindin sandar.

Akwai gargaɗi a cikin wannan ga masu hawa bayan manyan motoci. Kwalbar da aka yar daga motar da take gudun kilomita 72 a awa tana barin hannu ne da gudun mita 20 a sakan, ko da mai yar da ita sakinta kawai ya yi. In ta sami mai tafiya a gefen hanya, daidai take da jifan ƙaƙƙarfan saurayi.

Tafiya ta biyu: zuwa ƙasa

Duniya tana jan kowane abu zuwa tsakiyarta. Wannan shi ne ƙarfin jan ƙasa. Aikinsa shi ne ƙara wa abin da yake faɗuwa gudu a kowane sakan. Abin da aka saki daga sama, bayan sakan ɗaya yana gudun kimanin mita 9.8 a sakan, bayan sakan biyu 19.6, bayan uku 29.4, haka haka. Wannan adadi na 9.8 shi ake rubutawa da harafin g. Yana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri: a tsakiyar duniya wajen layin Ikwaita kimanin 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa 9.83. Bagudo tana wajen digiri 11 arewa da Ikwaita, don haka nata ya fi kusa da 9.78, kuma haka yake a Malanbil da ke tsallaken iyaka, inda ɗalibai suke koyon wannan darasi da Faransanci. Domin sauƙin lissafi za mu riƙa ɗaukar g a matsayin 10, kamar yadda akan umarci ɗalibai a jarrabawa.

Nisan da abu yake faɗuwa ana samunsa da wannan ƙa'ida: a ninka sakan da kansa, sa'an nan a ninka da 5. A sakan ɗaya ya faɗi mita 5. A sakan biyu, 2 sau 2 sau 5, mita 20. A sakan uku mita 45, a sakan huɗu mita 80. A lura da abin da ya ƙaru a kowane sakan: 5, 15, 25, 35, wato ninki 1, 3, 5, 7. Galileo ne ya gano wannan jeri ta hanyar gangaro da ƙwallaye a kan karkataccen katako.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya kiyaye a nan. Na farko, nauyin abu ba ya sauya saurin faɗuwarsa in babu iska. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, jan ƙasa ba ya jiran dutse ya gaji. Tun daga ƙiftawar idon da dutse ya bar hannu ya fara aiki a kansa, ko dutsen sama ya nufa, ko gaba, ko ƙasa. Saboda haka babu wani yanki na hanyar jifa da yake miƙaƙƙe sosai, ko da na harsashin bindiga ne. Idonmu ne kawai ba ya ganin lanƙwasar a farko saboda ƙanƙantarta.

Haɗuwar tafiye-tafiyen biyu

Mu ɗauka yara biyu suna tsaye a kan gaɓar kogi mai tsawon mita 5 daga fuskar ruwa. Ɗaya ya saki tsakuwa kawai, ɗaya kuma ya wurga tasa a kwance, ba sama ba ƙasa, da gudun mita 15 a sakan. Wace za ta riga taɓa ruwa? Yawancin mutane za su ce wadda aka saki. Amma tare za su taɓa, bayan sakan ɗaya cif, domin faɗuwar mita 5 sakan ɗaya take ɗauka, kuma gudun gaba ba ya rage faɗuwa. Bambancin kawai shi ne ta biyun za ta faɗa ruwa mita 15 daga gaɓa.

Yanzu mu koma gonar shinkafa. Yaro ya saki dunƙulen laka daga majajjawa da gudun mita 25 a sakan, ya karkata shi sama kimanin digiri 53. Wannan gudu ana iya raba shi gida biyu: mita 15 a sakan zuwa gaba, mita 20 a sakan zuwa sama. Ɗalibin da ya san ƙa'idar Faisagoras zai tabbatar da haka, domin 15 sau 15 da 20 sau 20 in an haɗa sun ba da 625, wanda shi ne 25 sau 25. Da babu jan ƙasa, dunƙulen zai riƙa hawa mita 20 a kowane sakan har abada. Amma dole mu debe abin da ya faɗi. Ga yadda tafiyar za ta kasance:

Sakan 0: nisa gaba mita 0, tsawo mita 0.
Sakan 1: nisa gaba mita 15, tsawo 20 a debe 5, mita 15.
Sakan 2: nisa gaba mita 30, tsawo 40 a debe 20, mita 20.
Sakan 3: nisa gaba mita 45, tsawo 60 a debe 45, mita 15.
Sakan 4: nisa gaba mita 60, tsawo 80 a debe 80, mita 0.

Ɗalibi ya ɗauki takardar zane ya ɗiga waɗannan wurare biyar, ya haɗa su. Abin da zai fito shi ne farabola. Zai ga nisan gaba yana ƙaruwa daidai wa daida, mita 15 kowane sakan, alhali tsawo ya hau ya sauko. Zai ga rabin hawa da rabin sauka sun yi kama kamar an naɗe takarda biyu. Zai kuma ga cewa a ƙololuwa, a sakan na biyu, gudun hawa ya ƙare ƙaf, domin jan ƙasa ya ci 10 a sakan na farko ya ci 10 a na biyu. Amma dunƙulen bai tsaya ba, har yanzu yana tafiya gaba da mita 15 a sakan. A nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa a jarrabawa, su rubuta cewa gudun jifa a ƙololuwa sifiri ne. Wannan yana zama gaskiya ne kawai ga abin da aka cilla sama tsaye.

Magina sun san wannan da hannu ko da ba su san shi da biro ba. Gwanin lebura yana cilla tubali ne yadda ƙololuwar tafiyarsa za ta zo daidai hannun wanda yake kan gini. A wannan wuri tubalin kamar ya rataya a iska, sai a ɗauke shi ba tare da ya bugi hannu ba. Domin tubali ya kai mita 5, dole ya bar hannu da gudun mita 10 a sakan, kuma zai isa bayan sakan ɗaya.

Wace kusurwa ta fi kai jifa nesa?

Mu sake jefa dunƙulen nan da gudu iri ɗaya, mita 25 a sakan, amma mu kwantar da shi zuwa digiri 37. Yanzu gudun gaba ya zama 20, na sama ya zama 15. Zai yi sakan 3 kacal a iska, amma yana cin mita 20 a kowane sakan, sai ya sauka a mita 60, wato daidai inda na farko ya sauka. Wannan ba dace ba ne. Duk kusurwa biyu da jimlarsu ta ba da 90 wuri ɗaya suke kai jifa: 30 da 60, 20 da 70, 15 da 75. Jifan da ya yi tsaye da yawa yana daɗewa a sama amma ba ya cin ƙasa, wanda ya kwanta da yawa kuma yana sauri amma ƙasa takan tare shi da wuri. Tsakiyarsu, digiri 45, ita ta fi nisa. A wannan kusurwa lissafin yana da sauƙi: a ninka gudu da kansa a raba da g. Ga dunƙulenmu, 625 a raba da 10, mita 62.5. A digiri 30 ko 60 zai tsaya a wajen mita 54, a digiri 15 ko 75 kuwa wajen mita 31.

Wannan ƙa'ida ta nuna wani abu kuma. Tun da gudu ake ninkawa da kansa, in aka ninka gudu sau biyu nisa yana ninkuwa sau huɗu. Ga sirrin majajjawa ke nan. Igiyarta tana ƙara wa hannu tsawo, don haka dutsen yana zagaya babbar da'ira, yana samun gudun da hannu kaɗai ba zai ba shi ba. Da an saki igiya ɗaya, dutsen ya daina zagaye nan take, ya nufi inda yake fuskanta a wannan lokaci. Shi ya sa gwanintar majajjawa tana ga sanin lokacin saki. Danƙo kuwa wata dabara ce: ana tara ƙarfi a hankali a cikin roba, ita kuma ta mayar da shi gaba ɗaya.

Mai ban-ruwa shi ma yana amfani da wannan. In ya toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yana fita da ƙarin gudu ya kai kwamin da ke nesa. In kuma yana son ruwa ya sauka a kusa ba tare da ya kwantar da ƙananan shuka ba, sai ya rage gudun, domin ruwa da gudun da ya tashi yake saukowa.

Rabon iska

Duk lissafin da ya gabata mun yi shi ne kamar babu iska. A zahiri iska tana turjiya ga duk abin da ya ratsa ta, kuma turjiyar tana ƙaruwa sosai in gudu ya ƙaru. Sakamakon haka jifa na gaskiya ba ya kai nisan da lissafi ya ba shi, saukarsa takan fi hawansa tsayuwa, kuma kusurwar da ta fi kai shi nesa takan yi ƙasa da 45. Abu mai nauyi kuma dunƙulalle, kamar dutse, iska ba ta cika damunsa ba. Abu marar nauyi mai faɗi, kamar ganye ko auduga, ita take juya shi yadda ta so. Wannan ne dalilin da ya sa yaro yake zaɓen busasshen dunƙulen laka ya bar ɓawon gyaɗa. A nan ma aka sami kuskuren cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. Jan ƙasa daidai yake ƙara musu gudu, iska ce take nuna bambanci.

A wasanni ma ba a cika kaiwa digiri 45 ba, saboda jikin mutum ya fi iya samar da gudu zuwa gaba fiye da zuwa sama. Masu dogon tsalle sukan tashi ne a wajen digiri 20, domin in suka nemi fin haka sai gudunsu ya karye. Da irin wannan tsalle Chioma Ajunwa ta ci mita 7.12 ta samo wa Nijeriya lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996.

Jifa a cikin halittu

Mu masu nazarin halittu muna cin karo da wannan darasi a kullum, domin dabba in ta yi tsalle ta zama abin jifa ita kanta. Da zarar ƙafafun kwaɗo sun bar ƙasa, ba shi da sauran iko a kan hanyar da tsakiyar nauyinsa za ta bi. Fara tana tara ƙarfi a gwiwoyin ƙafafunta na baya kamar yadda ake ja danƙo, sa'an nan ta sake shi. An auna babbar farar hamada tana tashi da gudun kimanin mita 3.2 a sakan. Ɗalibi ya ninka 3.2 da kansa ya raba da 10, zai sami wajen mita ɗaya, kuma wannan shi ne kimanin nisan tsallenta in ba ta buɗe fiffike ba.

Tsirrai ma suna jifa. Iri in ya faɗi a gindin uwarsa, inuwa da gasar abinci sukan kashe shi, don haka wasu itatuwa suna da kwanson da yake fashewa in ya bushe ya watsa 'ya'yansa. Wanda ya zauna kusa da zurma da rana tsaka yana iya jin ƙarar wannan fashewa. A 1977 masu bincike biyu a Gana suka auna wata bishiya mai suna Hura, 'yar asalin nahiyar Amurka, suka sami tana cilla irinta da gudun da ya haura mita 40 a sakan, har wani ya kai mita 45 daga gindi. Kusurwar da irin yake tashi kuwa wajen digiri 34 ce, wato ƙasa da 45, kamar dai yadda turjiyar iska take bukata.

Ɗan Adam kuwa babu halittar da ta kai shi iya jifa da hannu. Birin nan da ake kira cimfanzi ya fi mutum ƙarfin damtse, amma jifansa bai cika wuce gudun kilomita 30 a awa ba, alhali yaron da ya saba da jifa yana ninka haka. Bambancin yana ga ginin kafaɗa da ƙugu, inda jijiyoyi suke miƙewa su tara ƙarfi in an ja hannu baya.

Harsashin da aka harba sama

Akwai wata al'ada da wannan darasi ya shafa kai tsaye, wato harba bindiga sama a wurin biki ko murna. Mai harbi yana ganin harsashi ya tafi ke nan. Amma harsashi ma jifa ne. Wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya ba da rahoto a littafinsa na 1947 a kan gwajin da aka yi da bindigar soja da aka harba sama tsaye. Da babu iska, harsashin zai haura kilomita 30. Saboda turjiyar iska ya tsaya a wajen mita 2,700, ya dawo da gudun kimanin mita 90 a sakan, wato fiye da kilomita 300 a awa. Wannan gudu ya isa ya huda fata ya fasa ƙoƙon kai. In kuma an karkata bindigar, haɗarin ya fi haka, domin harsashin yana riƙe da gudunsa na gaba da tsininsa, ya je ya sauka a wata unguwa ko wani ƙauye da mai harbi bai ko hango ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana da hujjar da zai gaya wa manyansa cikin ladabi.

Jifan da ba ya faɗowa

Shin akwai jifan da ya saɓa wa karin maganar da muka fara da ita? Newton ya yi wannan tunani. Duniya ƙwallo ce, kuma fuskarta tana sunkuyawa kimanin mita 5 a kowace tafiyar kilomita 8. Mun kuma ga cewa jifa yana faɗuwa mita 5 a sakan na farko. To, in aka harba abu a kwance, can sama da iska, da gudun kilomita 8 a sakan, zai faɗi mita 5 a daidai lokacin da ƙasa ta kauce masa da mita 5. Haka zai yi ta faɗuwa ba ya isowa, har ya kewaye duniya. Wannan shi ne tauraron ɗan Adam. Da wannan ƙa'ida aka ɗora tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a 2003, kuma da ita wata yake kewaya duniya.

Gwaje-gwaje domin malamai

Gani ya kori ji, kuma wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Na ɗaya, a ɗora murfin kwalba biyu a bakin tebur, a bugi ɗaya da rula ya yi nisa a daidai lokacin da ɗayan yake zamewa ya faɗi tsaye. A sa ɗalibai su rufe ido su saurara. Ƙara ɗaya za su ji.

Na biyu, a huda gorar roba kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a ɗora ta kusa da bango, a sa ɗalibi ya bi hanyar ruwan da alli ko gawayi. Daga nan a auna. In ruwan ya sunkuya taki ɗaya a wani nisa, a ninkin wannan nisa zai sunkuya taki 4, a ninki uku taki 9.

Na uku, a cire allo a jingine shi a karkace, a jiƙa ƙaramar ƙwallo a gangara ta a kaikaice zuwa sama. Sawun ruwan da za ta bari farabola ce da dukan aji za su gani.

Na huɗu, in akwai injin ban-ruwa kusa da makaranta, a nemi izinin mai shi a riƙe tiyo a kusurwa daban-daban, ɗalibai su kafa tsinke inda ruwa ya sauka, su nemo kusurwar da ta fi nisa da kansu.

Tambayoyi domin ɗalibai

A ɗauki g a matsayin 10, a ajiye batun iska.

1. An saki tsakuwa a rijiya, ta taɓa ruwa bayan sakan 2. Mene ne zurfin rijiyar zuwa ruwa?
2. An wurga dutse a kwance da gudun mita 12 a sakan daga tudu mai tsawon mita 20. A wane nisa zai sauka daga gindin tudun?
3. Ruwa yana fita daga tiyo da gudun mita 10 a sakan. Mene ne iyakar nisan da zai iya kaiwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa?
4. Wace kusurwa ce take kai jifa wuri ɗaya da digiri 25?
5. Jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Farar da take tsallen mita ɗaya a nan, mita nawa za ta yi a can?

Amsoshi: mita 20, mita 24, mita 10, digiri 65, mita 6.

Kammalawa

Ɗalibin da ya ci karo da tambayar jifa, a jarrabawa ko a gona, ya fara da raba gudun gida biyu. Ya bar na gaba yadda yake, ya riƙa debe 10 daga na sama a kowane sakan. Tafiyar sama da ƙasa ita za ta ba shi lokacin da abin zai yi a iska, in ya ninka wannan lokaci da gudun gaba ya sami nisa. Bayan haka sai ya tambayi kansa ko abin da aka jefa irin wanda iska take damu ne, domin ya san yadda zai amince da amsarsa. Muna fata malamai za su gwada ko da ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan kafin su rubuta ƙa'ida a allo, su kuma bar ɗalibai su yi zanen hanyar dutse sau biyu, ɗaya kafin darasi ɗaya bayansa.